Baƙin Lungun Kwano

Yaya Sabi'u bai fara ba sai da ya sa aka kashe fitilar waya. Ƙannensa da 'ya'yan kawunsa suka matsu a tabarma ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa. Sannan ya rage murya.

Ya ce wannan ba tatsuniya ba ce. Matar da abin ya faru da ita tana nan da ranta, kuma shi da kansa ya sha cin abincinta.

A tsakiyar birni, bayan babbar kasuwa, akwai wata 'yar hanya da ake kira Lungun Kwano. Da can ba lungu ba ne. Unguwa ce cikakkiya, mai soraye da rijiyoyi da masallaci, da wani tsohon kududdufi a ƙarshenta wanda komai tsananin bazara ba ya ƙafewa. Sai masu kuɗi suka sa wa wurin ido. Yau a sayi gidan wane, gobe katafila ta zo, jibi ka ga rodi ya tsaya a inda aka yi sunan ɗanka. Kududdufin ma bai tsira ba. Aka yi ta juye masa shara da ɓaraguzai har ya cika, aka kafa ginshiƙai a kansa. Kowane mai gini ya kewaye filinsa da kwano. Abin da ya rage na hanya sai wata siririyar tsaga tsakanin katangun kwano biyu, wadda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace.

A can cikin lungun gida ɗaya ya rage. Gidan Iya Tasalla.

Iya Tasalla dattijuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta ɗaya, Garzali, direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana a garin ba. Ita da jikarta Nusaiba ke zaune, 'yar Garzali, ƙaramar yarinya da ba a sa a makaranta ba tukuna, wadda uwarta ta rasu tun tana goye. Sana'ar Iya shinkafa da wake. Takan dafa ta fitar soro, leburorin gini su zo su ci a tsaye.

Zaman gidan ya zama wani iri. Bene ta gabas, bene ta yamma. Rana ba ta shiga tsakar gida sai ta take tsaka, ta leƙa ta wuce. Ƙurar siminti a kan shanya, a kan tukunya, har cikin haƙori. Ta bayan gidan kuwa an haƙa wani ƙaton rami, wai nan za a riƙa ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa, kuma tun da aka haƙa shi katangar baya ta tsage. Dillalai sai sintiri suke. Garzali ma in ya bugo waya maganarsa ɗaya ce, a sayar. Ita kuwa ta ce a unguwar aka haife ta, gidan nan aka kawo ta amarya, daga nan za a fitar da ita.

Amma ba ƙurar ce ta fi damunta ba, ba kuma ƙarar inji ba. Shirun ne. Da la'asar ta yi sanyi ma'aikata su watse, lungun ya mutu murus. Ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta ce a sam mata gishiri. Ba yaran da za a tsawata wa. Wani lokaci sai ta farga ashe tukunya take yi wa hira.

Shi ya sa da aka yi sallama ran nan, har daɗi ta ji.

Gab da magariba ne, a tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum. Tana wanke kwanuka. Sallamar ta zo daga soro, muryar mace. Amma muryar da wani abu a cikinta. Kamar mutum ya sa kai a cikin randa ya yi magana.

Ta amsa. Wata doguwar mace ta shigo, lulluɓe da baƙin mayafi har ƙasa. Fuskar ba ta tsohuwa ba, ba ta yarinya ba. Ta tsaya nesa da murhu. Ta gaishe ta da ladabi, ta kira ta da sunanta.

"An tashe mu," in ji ta. "Ina neman inda zan raɓa."

Iya ta tambaye ta daga wane gida, don duk unguwar babu gidan da ba ta san mutanensa ba.

"Daga ƙarshen lungu."

"Ƙarshen lungu ai babu gida. Kududdufi ne."

Matar ta ce, "Mun daɗe muna maƙwabtaka. Ke ce ba ki lura ba."

Wani abu ya ɗarsu a ran Iya. Amma sai ta tuna ranar da aminiyarta ta fita daga lungun nan, kayanta a bayan akori-kura, tana kuka kamar an yi mutuwa. Ta san zafin a tashi mutum. Akwai ɗaki a ƙuryar gidan, kusa da rijiya, ba komai a ciki sai tsofaffin tukwane. Ta ce ta shiga.

Matar ta yi godiya. Ta ce ba ta son fitila, ba ta son a share ɗakin, kuma in za a zubar da ruwan zafi a tsakar gida a yi magana tukuna. Iya ta tambayi sunanta. Ta ce Baƙuwa ma ya isa.

Ta wuce. Ba kaya a hannunta, ko ƙunshi.

Sai da labule ya rufe Iya ta dubi ƙasa. Sawu ne, daga soro har ƙofar ɗakin. Jiƙaƙƙe. Ta duƙa da fitila. Sawun faffaɗa ne, yatsun a haɗe suke kamar na agwagwa.

Ta miƙe. Ta ce wa kanta halitta ce, Allah yana yin bayinsa iri-iri. Ta ce ƙila ruwan kwata ta taka. Ta yi salla, ta ja Nusaiba ɗaki, ta sa sakata.

Washegari rana ta take tsaka, ƙasa har tana ƙona ƙafa. Sawun yana nan. Bai bushe ba.

Baƙuwa ba ta da damuwa. Ba a ganinta da rana. Da magariba takan ɗaga labule kaɗan su gaisa, ta tambayi jikin Iya, ta tambayi ciniki. Iya ta saba, har ta fara jiran lokacin. Takan ja kujera ta zauna daga nesa ta yi ta ba ta labarin mutanen da suka tashi, wane ya koma bayan gari, wance ta rasu ba ta ko gama jera kaya a sabon gida ba. Ita kuwa sai ta ce, "Na san ta. Tana yawan zuwa wanki." Wata rana Iya ta ambaci kakarta, wadda ta rasu tun ita tana ƙarama. Baƙuwa ta ce ta san ta, har ta faɗi irin waƙar da take yi in tana ɗiban ruwa. Iya ta ɗauki kujerarta ta koma ɗaki.

Abincin da take ajiye mata a ƙofa yana kwana ba a taɓa ba. Amma in ka ɗanɗana shi da safe, ba gishiri, ba yaji, ba ɗanɗanon komai, kamar ka tauna auduga. Ruwan randa ya yi sanyi har yana kama haƙori, leburori suna ta yabo, suna tambaya ko ƙanƙara take sa wa. Rijiyar da ta yi ƙasa tun da aka haƙa ramin baya, sai ga ta ta taso, guga ba ya nisa. Su leburorin kuma in suna cin abinci sai hirar ramin, wai ruwa na tsattsafowa ta gindinsa, a kwashe yau gobe ya dawo. Wani dillali ya shigo da rana tsaka da daɗin bakinsa. Ya tsaya a tsakar gida, ya dubi ɗakin ƙurya, ya shafa wuyansa. Ya ce zai dawo. Bai dawo ba.

Ga kuma kwaɗi. A bazara, ko ɗigon ruwan sama babu, kwaɗi na kuka a ɗakin ƙurya.

Sai aka sare tsamiyar bakin tasha don a faɗaɗa titi. A ranar da magariba Iya ta ga sabon sawu, manya da ƙanana. Aka rushe tsohuwar marina aka cike ramukanta. Sawu ya ƙaru. Duk ranar da aka rushe wani tsohon wuri a birnin, da magariba tsakar gidan sai ta jiƙe. Ba ta taɓa ganin mai shigowa ba. Sawu kawai. Duk shiga suke. Babu mai fita.

Ta yi wa Baƙuwa magana a hankali, ta ce ɗakin nan fa ƙarami ne.

"'Yan'uwa ne," in ji muryar daga bayan labule. "Su ma an tashe su."

"Har yaushe?"

"Har ruwa ya sauka."

Yanzu Iya ta san abin da ta saukar a gidanta, ta daina yi wa kanta ƙarya. Ta dage da addu'a safe da yamma, tana tofa wa Nusaiba. Ta yi tunanin zuwa wurin malami, amma limamin unguwar ya koma bayan gari tun da aka rushe gidansa, ita kuma ko hanyar ba ta sani ba, tituna duk sun sake. Kuma gaskiya ba su taɓa ta ba. Ta ce bari damina ta zo a rabu lafiya.

Sai abin ya juyo kan yarinya.

Nusaiba ba ta da abokin wasa, kullum tana maƙale da zanin kakarta. Sai ta daina. Ta koma zama a ƙofar ɗakin ƙurya, tana jera duwatsu, tana magana, tana dariya, tana saurare kamar ana ba ta amsa. In Iya ta zo yi mata tsifa sai ta ji gashinta na ƙarnin gansakuka. Ta rage cin abinci. Ruwa kawai take nema.

Iya ta tambaye ta da wa take wasa. Ta ce da ƙawarta.

"Yaya take?"

"Irina ce. Har rigarta irin tawa. Ta ce in je gidansu in kwana, ita ta kwana a gadona."

Daga ranar Iya ta hana ta zuwa wurin. In za ta fita soro sayar da abinci sai ta tasa ta a gaba.

Wata rana da rana tsaka yarinyar ta yi barci. Iya ta kwantar da ita a ɗaki, ta fita ta sallami leburori. Da ta dawo sai ta ga Nusaiba zaune a bakin rijiya, ta juya baya, ƙafafunta na reto a ciki. Iya ba ta yi ihu ba, kada ta firgita ta faɗa. Ta taka a hankali. Ta kira sunanta.

"Na'am, Iya."

Ta bayanta amsar ta fito. Ta juya. Ga Nusaiba a ƙofar ɗaki tana murza ido. Ta sake duban rijiya. Ba kowa. Sai bakin rijiyar a jiƙe, daidai inda mutum zai zauna.

A ranar ta kira Garzali. Ba ta faɗa masa dalili ba, ta dai ce ya zo ya ɗauke su. Da ya ji muryarta bai yi musu ba. Amma yana can kudu, motarsa ta lalace, ya ce sai ƙarshen mako.

Ƙarshen mako bai zo ba hadari ya haɗu.

Shi ne na farko a shekarar. Tun la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ma'aikata suka tattara suka gudu. Aka ɗauke wuta. Iska ta tsaya cak, ko leda ba ta motsi. Kwaɗin ɗakin ƙurya suka yi tsit gaba ɗaya, kuma shirun nasu ya fi kukan ban tsoro.

Nusaiba ta kwanta tun da wuri, jikinta ba ƙarfi. Iya ta yi sallar magariba. Ta daɗe a kan darduma. Sannan ta tashi ta nufi ɗakin da ba ta taɓa leƙawa ba tun zuwan Baƙuwa. Ta yi sallama. Ta yi bisimilla. Ta ɗaga labule.

Babu daɓe. Babu tukwane. Ruwa ne, baƙi, a kwance, daga bakin ƙofa har inda ido ba ya kaiwa, a ɗakin da taku kaɗan ke ƙure shi. Sanyi ya daki fuskarta. Ta ji numfashi, na mutane da yawa, a hankali, a tare. Baƙuwa na zaune a kan ruwan kamar a kan tabarma.

Iya ta dafa bango.

"Ɗaki na ba ki," ta ce. "Ban ba ki jika ba."

"Ni ban nema ba."

"To wa ya nema?"

Baƙuwa ta dubi bayanta, cikin duhun. Ta ce waɗanda suka zo daga baya ba 'yan unguwar ba ne. Ba su san Iya ba, ba sa jin kunyarta. An kore su daga wuri zuwa wuri har zuciyarsu ta bushe. 'Yarsu ta saba da yarinyar. So suke su tafi da ita, su bar tasu a madadinta. Ta ce ta tare su iya ƙarfinta, amma sun fi ta yawa.

"Yau ruwa zai koma wurinsa," in ji ta. "Gidan nan ba zai kai asuba ba. Goya yarinyar ki fita. Kada ki ɗauki komai."

Iya ta buɗe baki.

"Kada ki waiwaya. Kada ki amsa. Ko wa kika ji."

Numfashin ya ƙara matsowa. Wani hannu mai sanyi ya taɓa bakin zaninta. Ta saki labule.

Ɗigon farko ya faɗo tana ratsa tsakar gida. Ta faɗa ɗaki a duhu, ta laluba gado, ta ji yarinya. Ta sure ta ta sa a baya ta ɗaure. Yarinyar ba ta motsa ba, ba ta ce uffan ba. Iya ba ta nemi takalmi ba.

Kafin ta kai soro ruwa ya kece.

Kwano dama, kwano hagu, iska na jijjiga su kamar za ta ɗauke. Ba ta ganin tafin hannunta sai an yi walƙiya. Ruwa ya kai idon sawu. Tana tafiya tana dafa kwano, bakinta na karanta duk abin da ya zo.

Sai ta ji taku a bayanta. Caɓal. Caɓal. Ba na mutum ɗaya ba. In ta tsaya su tsaya.

Ta ƙara sauri.

"Iya."

Muryar Nusaiba ce. Daga baya. Daga can wajen gida.

"Iya, kin bar ni. Ba ni kika ɗauka ba."

Ƙafafunta suka tsaya da kansu.

A duhu ta ɗauki yarinyar. Ba ta ga fuskarta ba. Kuma tun da ta goya ta ko tari ba ta ji ba. Ta kai hannu baya ta kama ƙafar da ke kwiɓinta. Sanyi ƙalau. A jiƙe. Amma ai ruwa ake yi, komai a jiƙe yake. Ta laluba yatsun. Hannunta ya sandare don sanyi, ta kasa gane a rabe suke ko a haɗe.

Ta raɗa sunanta ta kan kafaɗa. Shiru.

"Iya, ruwa ya shigo ɗaki. Ina jin tsoro."

Ta san kukan nan. Shi take ji tun yarinyar na jaririya, har da 'yar shessheƙar da take yi a ƙarshe. Goyon ya yi mata nauyi kamar dutsen niƙa ta goya. In fa ƙarya Baƙuwa ta yi mata? In fa tasu ta goyo, ta baro jininta a gado, gida na shirin ruftawa? Me za ta ce wa Garzali? Ruwa ya kai ƙwauri. Takun ya matso har tana jin sanyinsu a ƙeyarta. Wuyanta ya fara juyawa, kaɗan-kaɗan.

Sai aka yi tsawa. Irin mai tsaga kunne, kamar a kan kwanon ta faɗo.

Goyon ya zabura. Ƙananan hannaye suka damƙe wuyan rigarta. Sai ta ji wani abu na gangarowa a bayanta, ta cikin zani, har cinya.

Ɗumi.

Yarinyar ta saki fitsari don tsoro. Mai ɗumi sosai, irin na ɗan Adam. Duk zaman da ta yi da baƙinta, ba abin da suka taɓa da ya yi ɗumi.

Iya ta mayar da fuskarta gaba. Ta tallafe goyon da hannu biyu ta ci gaba da tafiya. Muryar ta yi ta kira, ta yi kuka, ta yi magiya. Da ta ga ba a kula ta ba sai ta sauya. Ta zama muryar Garzali. Ta zama muryar marigayi mijinta, yana kiranta da sunan da shi kaɗai ya san shi. Hawaye na zuba, ba ta amsa ba. Aka fizgi mayafinta ta baya. Ta sake shi ya tafi. Sai ta ji an kama zanin goyon, ana ja, ƙullin na kwancewa a ƙirjinta. Ta danne shi da haɓa. Ta kasa gaba.

Sai wata murya ta taso daga ƙasa, daga cikin ruwan, ta cika lungun.

"Ita ta sauke mu. Ku bar ta."

Hannun ya saki. Takun ya tsaya.

Ta fito titi. Fitilun motoci, hon, mutane sun fake a ƙarƙashin gadar sama. Wani mai shayi da ya san ta ya taso ya riƙe ta. Ta kwance goyon a gaban fitilarsa. Nusaiba ce, idonta biyu, tana rawar sanyi. Iya ta kama ƙafafunta ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta zube a ƙasa.

Ba a jima ba suka ji ƙara daga cikin lungun. Ba mai ƙarfi ba. Wani dogon gunji ne, kamar an sauke babban numfashi.

Da gari ya waye mutane suka shiga. Katangar baya ta zame cikin ramin ajiye motoci, gidan ya bi ta, ɗakuna da soro da rijiya. Ramin ya cika fal, ruwan ya haɗe da filin tsohon kududdufi, ginshiƙan da aka kafa sun karkace a ciki. Masu gini suka ce ramin ne ya ci gindin katanga. Suka kawo injinan zuƙar ruwa. Damina ta wuce suna zuƙa.

Garzali ya iso ya kai su gidan haya a bayan gari. Nusaiba ta yi zazzaɓi, ta warke. Ba ta tuna wata ƙawa.

Ranar da Iya ta zo wanke zanin da ta fito da shi, sai ta ga ƙulli a bakinsa. Ba ita ta ƙulla ba. Ta kwance. Warwaro ne, ɗan ƙarami, na hannun yarinya, ya yi kore don daɗewa a ruwa. Ta juya shi ta ga 'yar lanƙwasar da aka yi masa da haƙori. Nata ne. Tana 'yar ƙarama kamar Nusaiba ya suɓuce mata a bakin kududdufi, ta yi kuka har aka gaji da rarrashi.

Har yau yana wurinta. Ko an shanya shi a rana, sanyi yake. Ba ta taɓa bari Nusaiba ta sa shi ba.

Nan Yaya Sabi'u ya dasa aya. Wata ƙanwarsa ta tambaya da raɗa, su baƙin ina suka koma.

Ya ce wannan ne bai sani ba. Ya ce yanzu an gina filaza a wurin, wato rukunin shaguna, an shimfiɗa wa lungun bulo, an kafa fitilu. Da rana sai ka rantse ba komai. Amma masu gadin wurin ba sa yarda a bar mutum ɗaya a ƙofar baya.

"In an aike ku kasuwa yamma ta yi muku," in ji shi, "ku zagaya ta titi, ko da nisa. Kada wanda ya bi lungun nan shi kaɗai. In kuwa tsautsayi ya sa kun shiga, kuka ji wanda kuka baro a gida yana kiranku ta baya, ku ci gaba da tafiya."